Tunawa da Yakuba, manomin Gurga

Ran 3 ga watan Disamba na shekara ta 2023, wani tsoho ya rasu a garin Wahiguya, a arewacin ƙasar Burkina Faso. Sunansa Yakuba Sawadogo, yana da shekara 77. Manomi ne, bai riƙe sarauta ba, bai yi aikin gwamnati ba. Duk da haka gidajen radiyo na ƙasashe da yawa sun ba da labarin rasuwarsa, jaridu kuma suka buga hotonsa. Kusan dukansu da suna ɗaya suka kira shi: mutumin da ya tsayar da hamada. Sunan nan ya fito daga wani sinima da aka yi bisa rayuwarsa a 2010.

Sunan yana da daɗin ji, amma ya yi wa mutum guda yawa. Ba wanda zai tsayar da hamada shi kaɗai da kalme. In yaro ya ji irin wannan kirari, sai ya ɗauka Yakuba wani ne daban, irin mutanen tatsuniya, wanda ba a samun kamarsa a ƙauye. Ya fi kyau a tuna da shi yadda yake. Maigida ne mai iyali da yawa, wanda ƙasar gonarsa ta mutu, shi kuwa ya ƙi yarda gidansa ya kwana da yunwa. Daga nan duk sauran labarin ya taso.

An haifi Yakuba a 1946 a ƙauyen Gurga, kusa da Wahiguya, cikin ƙasar Yatenga. Mutanen wurin Mosi ne, hatsi da dawa suke nomawa kamar Hausawa. Yana yaro aka kai shi makarantar allo a ƙasar Mali, amma karatu bai zauna masa sosai ba. Da ya komo gida sai ya shiga ciniki a kasuwar Wahiguya, yana samun abin rufin asiri.

Sai fari ya sauka. Kakannin ƴan makaranta na yau sun san shekarun nan, gama abin da ya sami Yatenga shi ne ya sami Tawa da Maraɗi da Damagaram: farin 1973 da 1974, sa'an nan na 1984. Dabbobi suka mutu, rijiyoyi suka ƙafe, rumbuna suka ƙare tun rani bai raba ba. A Yatenga abin ya yi muni ƙwarai, domin mutane sun yi yawa, an sare itatuwa, an nome ƙasa shekara da shekaru ba hutu. Gonaki da yawa suka koma fako. Wanda ya taɓa ganin fako ya san shi: ƙasa ce mai tauri, sumul kamar daɓen ɗaki, ko ciyawa ba ta fita. In an yi ruwa ba ya shiga. Sai ya bi bisa ya gudu, ya tafi da ɗan abin da ya rage na ƙasa mai kyau. Mutane suka yi ta barin ƙauyuka, waɗansu suka nufi birni, waɗansu kudu, waɗansu har Kodibuwar. Wajen 1980, sa'ad da kowa ke biɗar hanyar fita, Yakuba ya bar kasuwa ya koma gona.

Domin a gane nauyin da ke bisa kan maigida, sai a yi ɗan lissafi. A ce gida yana cin tiya 3 ta hatsi kowace rana, fura da rana, tuwo da dare. Shekara kwana 365 ce. Tiya 1095 ke nan. Buhu mai kilo 100 yana cin tiya 40, saboda haka gidan nan yana bukatar buhu 27 da ɗoriya kafin wata kaka ta zagayo. Ba a sa iri ba, ba a sa zakka ba, ba a sa baƙo ba. Ba a kuma sa abin da za a sayar domin magani, ko tufafin salla, ko ragon suna ba. Wannan lissafi ne kowane maigida ke yi cikin zuciyarsa ran da aka rufe rumbu, ko ya iya rubutu ko bai iya ba. Yara suna barci, shi yana ƙidayar watanni. In ya ga hatsin ba zai kai su kaka ba, abu biyu ne gabansa: ko ya ɗauki sanda ya tafi biɗa, ko ya sami hanyar da gona za ta ƙara. Gidan Yakuba kuwa babban gida ne, mai mata da ƴaƴa da yawa. Shi hanya ta biyu ya zaɓa, alhali gonar fako ce.

Dabarar da ya kama ba sabuwa ba ce. Mutanen Yatenga sun gaji al'adar haƙa ƴan ramuka cikin ƙasa mai tauri su shuka a ciki. Da harshensu ana ce da ita zai. Ramukan dā ƙanana ne, ruwa kaɗan suke riƙewa. Yakuba ya faɗaɗa ramin ya kuma zurfafa shi: faɗi kamar santimetir 20 zuwa 30, zurfi kamar taƙi guda. Ƙasar da ya fitar sai ya tara ta a bakin ramin ta wajen gangare, domin ta tare ruwa. Ya zuba taki cikin kowane rami, kamar cikin hannu ɗaya ko biyu. Ya kuma fara aikin tun da rani, watanni kafin ruwan farko.

Abin da ke faruwa cikin ramin nan ya isa a yi darasi guda bisa kansa. Iskar rani tana kwaso ganye da ƙura ta zuba a ciki. Taki yana jawo gara. Gara kuwa, wadda kowa ke zagi saboda cin danga da rufin ɗaki, a nan ƴar aiki ce wadda ba a biya. Tana haƙa hanyoyinta ƙarƙashin ramin, ta huhhuda fakon, ta gauraya taki da ƙasa. Ran da ruwa ya sauka, maimakon ya gudu sai ya taru cikin ramin, ya bi hanyoyin gara ya nutse. Hatsin da aka shuka a wurin yana samun laima da abinci a gindinsa, ko da ruwa ya ɗauke kwana da kwanaki. Ban da ramuka, Yakuba ya jera duwatsu layi layi a gicciye da gangare, kamar yadda waɗansu manoman Yatenga suka fara yi a shekarun nan. Duwatsun ba su hana ruwa wucewa, amma suna rage masa gudu har ƙasa ta sha.

Kada a ɗauka aikin wasa ne. Hekta guda tana cin rami dubu 10 ko fiye. Ana haƙa su cikin ƙasa mai taurin dutse, a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kora kowa inuwa.

Mutane suka ce Yakuba ya haukace. Waɗansu dattawa suka ce ya karya al'ada, gama ba a taɓa ƙasa kafin lokacinta. Daga baya har wuta aka sa wa itatuwansa. A nan ya kamata a tsaya a tuna da mutanen gidansa. Wanda gari ke kira mahaukaci, ba shi kaɗai ke jin zafin maganar ba. Matarsa tana jin ta a bakin rijiya, ɗansa yana jin ta a dandali. Kuma rami dubu 10 ba aikin hannu biyu ba ne. Sai an tara taki, an ɗauko shi daga gida zuwa gona. Sai an tsinto duwatsu. Sai an kawo wa mai haƙa ruwan sha da fura. A irin wannan aiki mata da yara ne ke shan ɗauka a ka, musamman inda babu amalanke. Sinima da jarida sunan maigida kaɗai suke kamawa, kuma wannan rashin adalci ne. Maigida ba ya jure shekara da shekaru ana yi masa dariya sai in gidansa na tare da shi. Gida kuwa ba ya bin mutum cikin irin wannan wahala sai in ya san domin shi ake yi.

Bakin masu dariya ya mutu da kaka, da suka ga zangarniya inda dā ko ƙaya ba ta fita.

Itatuwan da suka sa duniya ta san shi, da fari ba su ya je nema ba. Hatsi da dawa ya je nema. Amma akuya da saniya suna cin ƴaƴan itace, ƙwayar ta fita cikin kashinsu. Da takin ya shiga rami ya sami ruwa, sai ga ƴan itatuwa suna tsirowa tare da hatsi. Manomi mai gaggawa da ya sare su wajen noman farko. Yakuba ya bar su. Daga baya ya riƙa tara irin itatuwa da kansa yana shukawa cikin ramuka. Shekara ta bi shekara, fako ya zama daji. A 2018, waɗanda suka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin sun ce dajin ya kai kusan hekta 40, da itatuwa da tsirrai iri fiye da 60. A 2020 Majalisar Ɗinkin Duniya ita ma ta ba shi tata lambar.

A wajen itatuwan nan ne aka fi ganin halinsa na uba. Hatsi wata uku ne ko huɗu, wanda ya shuka shi ne zai ci. Itace ba haka yake ba. Mutumin da ya kai shekara 40 ya tsaya yana kare ɗan tsiro daga bakin akuya, ya san inuwar ba tasa ba ce duka. Kuka tana daɗewa kafin a ci miyarta sosai. Gawo sai ya girma kafin ya zuba wa gona ganye, ya ba tumaki ƴaƴa. Uba na iya barin wa ƴaƴansa shanu, fari guda ya kwashe su. Yana iya barin kuɗi, a raba su ran gado su watse. Wanda ya bar ƙasa mai rai da itatuwa bisanta, ya bar itacen girki kusa da gida, ya rage wa ƴaƴansa mata tafiya mai nisa. Ya bar ganyen miya, da abincin dabbobi na rani, da saiwa da sassaƙe na magani. Yakuba kansa ya san itatuwan magani, mutane suna zuwa wurinsa dominsu.

Bai ɓoye abin da ya sani ba. Tun daga 1984 ya fara tara manoma a Gurga sau biyu a shekara, taron da ake kira kasuwar zai. Bayan girbi kowa ya kawo samfurin irin da ya yi masa kyau, a ajiye wurin Yakuba. Kafin damina a sake haɗuwa, kowa ya zaɓi irin da zai gwada, a yi ta tambayar juna. Manoma daga ƙauyuka masu yawa suna zuwa. Shi ma yakan hau moto ya bi ƙauyuka yana nunawa.

Dabarar ta ƙetaro iyaka. A 1989 wani furoje ya kai waɗansu manoma na ƙasar Illela, cikin jihar Tawa, ziyara a Yatenga. Suka ga ramukan da idonsu. Da suka komo, kaɗan daga cikinsu suka gwada a fakonsu. Damina ta 1990 ba ta yi kyau ba, amma gonakin da aka yi wa ramuka sun ba da hatsi. Maƙwabta suka gani, ba sai an yi musu dogon jawabi ba. Ramukan nan su ne ake kira tassa a ƙasar Adar. Har ta kai fakon da dā ba mai so ko kyauta ya zama abin saye da sayarwa, samari kuma suka sami aikin haƙa tassa da rani ana biyansu. Yaron da ya taɓa ganin tassa a gonar babansa wajen Badagishiri, ya ga wani abu da ke da dangantaka da tsohon nan na Gurga, ko da bai taɓa jin sunansa ba.

A ƙasar Maraɗi wata hanya aka bi. Maimakon a tumɓuke kututture wajen sassabe, sai a bar masa reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a rage sauran, har ya koma itace. Shi ne sassaben zamani. Toni Rinodo, mutumin Ostiraliya wanda ya yi aiki da manoman Maraɗi bisa wannan hanya tun wajen 1983, shekara ɗaya suka karɓi lambar Suwidin da Yakuba. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a kudancin Nijar itatuwa sun komo bisa hekta wajen miliyan 5. To, wa ya yi wannan aiki? Mutum biyu aka kira aka ba lamba. Amma hekta miliyan 5, magidanta dubu dubbai ne suka duƙa bisanta, kowa cikin gonarsa, kowa da lissafin rumbunsa. Ba su shiga sinima ba. Da yawa sun riga sun rasu, sunansu bai wuce ƙauyensu ba.

Wani zai ce: ashe waɗanda suka tafi biɗa a shekarun yunwa ba su son iyalinsu? Sam, ba haka ba ne. Mutumin da ya tafi Kano ko Abijan ya yi dako, ya yi ga-ruwa, ya kwana a bakin kasuwa domin ya aiko da kuɗin buhu guda, shi ma maigida ne na ƙwarai. Gidaje da yawa da kuɗin nan suka ga kaka. Kuma tassa ba ta yi ko'ina. A jigawa rairayi yana cike ramin tun ruwa bai zo ba. Wanda ba shi da ko akuya, ina zai sami taki? Wanda ba shi da masu taya shi, rami nawa zai haƙa? Ba a cewa kowa ya zama Yakuba. Abin da ake cewa shi ne, kuɗin biɗa suna ciyar da gida shekara guda, baɗi sai an sake tafiya. Fako in an rayar da shi, ana gyara ramukan ana ƙara taki, yana ciyar da gida har jikoki. In kowa ya tafi, ba mai yin wannan.

Ƙarshen rayuwar Yakuba bai zo da hutu ba. Garin Wahiguya ya yi ta girma har ya iso Gurga. Aka shiga yanka filaye domin gina gidaje, yankan ya faɗa cikin dajinsa, waɗansu har suka fara gini. Ƙasar da ya tarar fako, ba mai kallonta, da ta yi kyau sai ga masu so. Shi kuwa ba shi da takardar da hukuma ke ganewa, gama bisa al'ada ya riƙe ƙasar, kamar yawancin manoma. Ya yi shekaru yana kai kuka. Sai a 2021 aka kewaye dajin da shinge. Bayan shekara biyu da ƴan watanni ya rasu, ya bar dajin a hannun ƴaƴansa, waɗanda suka koyi aikin a gefensa. Allah ya jiƙansa.

Wannan ɓangare na labarin ya shafi ɗan makaranta kai tsaye. Akwai yaran da ke ganin karatu hanya ce ta gudun gona, noma kuwa aikin wanda bai ci jarrabawa ba ne. Ga mutum wanda ya fi malamai da yawa sanin ƙasa da ruwa da gara, amma rashin takarda guda ya kusa cinye masa aikin shekara 40. A Nijar, tun 1993 akwai dokar karkara, akwai kuma kwamitocin filaye har a ƙauyuka, masu ba da takardar shaida in an sayi gona, ko an gada, ko an yi jingina ko aro. Gidan da ke da yaro mai karanta Hausa da Faransanci, yana da wanda zai duba takardar nan kafin uba ya danna yatsa. Yana da wanda zai ce: "Baba, iyakar da aka rubuta a nan ba ta kai gindin tsamiya ba." Karatu bai raba wannan yaro da gona ba.

Akwai wata takarda kuma wadda ba hukuma ke ba da ita ba. Littattafan tarihi cike suke da sarakuna da yaƙe-yaƙe. Ana koyon sunan Tanimun na Damagaram da na Ɗan Ƙasawa na Maraɗi, kuma daidai ne a koya. Amma hatsin da dakarunsu suka ci, wani ya noma shi, ba a rubuta sunansa ba. Yakuba ya yi sa'a, baƙi sun zo da na'urar ɗaukar hoto. Sauran manoma ba mai zuwa dominsu daga nesa. In za a rubuta labarinsu, jikokinsu ne za su rubuta, da harshen da tsofaffin ke magana da shi. Ɗan aji huɗu ko aji biyar na makarantar harshe biyu ya iya wannan.

A kowane ƙauye akwai tsoho wanda ya ga 1984 da idonsa. Ana iya zama kusa da shi a tambaye shi: "Kaka, mutum nawa kuke ci daga rumbu guda a shekaran nan? Me kuka ci da hatsi ya ƙare? Wa ya tafi, wa ya zauna? Gawon da ke tsakiyar gona, wa ya bar shi?" A tambayi tsohuwa ita ma, gama ita ta san yadda aka raba tiya guda ga baki goma, ita ta san ganyen da aka dafa. Tsofaffi sukan ce ba su da labari, su manoma ne kawai. Kada a tashi. A ƙara tambaya bisa gawon, ko bisa rijiya, ko bisa sa na farko da aka saya, bakin zai buɗe. Littafin rubutu guda da alƙalami sun isa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da kaka, bayan sallar lisha, sa'ad da aka gama ɗaurin damma, tsofaffi suna zaune bisa tabarma a ƙofar gida.